Kakin da Ke Bakin Kwalba

Breza, farkon Oktoba, 1978

Zuwa ga 'yata Smilya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kafin ki fara juya ta kina neman wace ce, ni ce Dobrila da kike kira Tetka, matar Obrad mai zuma da kike kira Techa, wadda mahaifiyarki marigayiya take kira yaya ko da yake kakanninmu ne suka haɗa uba. Kin yi hutun bazara guda a gidanmu kina ƙarama, lokacin da tari ya hana ki sakat a birni. Ke ce kika buɗe amya da sanda wai za ki ga sarauniya. In kin manta ni, na san ba ki manta wannan ranar ba.

Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwa da kuma ido da ya fara yi mini rowa. Saniya ta haihu. Barkono ya yi kyau bana, har na rasa kwalaben zubawa.

Na ji kunyar ɗaukar alƙalami, don shekaru sun shuɗe ban tambayi lafiyarki ba sai yau da buƙata ta taso. Amma kunyar zan haɗiye. Obrad ne ba lafiya. Bayan yankan ciyawa wani ƙari ya fito masa a hannun dama, ƙasa da gwiwar hannu. Da farko kamar ƙwayar wake, kafin wata ya zagayo ya kai ƙwan tantabara. Ɓoye mini ya yi ta yi cikin hannun riga, a wannan zafin, kamar ba ni ke wanke rigar ba. Da na kama shi na tasa shi gaba har asibitin gari, suka yanke abin suka ɗinke.

Shekaranjiya likitan ya sake kiransa. Yaro ne mai kirki, ba ya ɗaga wa mutum murya. Ya ce abin da ya gani a madubinsa mai ƙara girman abu ya ba shi tsoro, ya yi kama da ciwon daji, kuma in shi ne, dole a cire hannun daga saman gwiwa kafin ya yaɗu. Har ya sa lokaci, mako guda bayan bikin gidanmu na ranar Mala'ika Mika'ilu. Amma ya ce shi bai ga irin wannan da yawa ba, yana so idon da ya fi nasa ya duba, ko muna da wani a Belgrad. Obrad ya ce masa, "Muna da likita sukutum, wadda ƙudan zumana suka taɓa yi wa allura kyauta."

Ya dawo da wani ɗan kwali, ya dire shi a tebur, ya ce, "Ki aika wa Smilya," ya wuce wajen amyoyinsa. Na buɗe na tarar da 'yan gilasai sirara. Smilya, in kin ga dattin da ke jikinsu! Kowanne da tabo ja-ja da shuɗi-shuɗi, ga wata 'yar takarda manne a gefe. Na ce wa Persa maƙwabciyata, "Dubi abin da asibiti ke ba mutane. Ni Dobrila in aika wa 'yar birni gilashi a haka, ta ce ƙauye ya ci mu?" Da ma ranar ina tafasa kwalabe, sai na jefa su ciki, na bi su da toka da soso. Sun ba ni wahala, amma yanzu kina iya ganin fuskarki a ciki.

Na ba Lazo direban bas saƙon, zai miƙa miki a tasha. Akwai cuku, akwai zuma, akwai kwalbar slatko, inabin nan da nake dafawa da sukari, irin wanda kike lashe cokalinsa har ki nemi cinye ƙarfen. Na rufe bakinta da kaki yadda za ta kai baɗi.

Ki duba mana, 'yata. Mutumin nan da hannun dama yake komai, har faɗa da ni.

Tetkarki,
Dobrila

*

Belgrad, tsakiyar Oktoba

Tetka Dobrila,

Na gaishe ki da kyau, na gai da Techa Obrad da jiki. Ina lafiya, aiki ne kawai ya yi yawa. Yaya za a yi in manta ki? Ke kika kwana uku kina shafa mini laka mai sanyi a fuska, kina zagin ƙudan zuma ɗaya bayan ɗaya kamar kin san sunayensu. Na bar gidanku ba tari, kuma ban taɓa yi miki godiya ba. Saƙo ya iso, cukun ya kusa ƙarewa.

Yanzu ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba.

Tetka, tabon nan da kika wanke shi ne abin da aka aiko in duba. Ba datti ba ne, naman hannun Techa ne. Na ɗaga gilasan a haske ɗaya bayan ɗaya ko wani abu ya tsira a gefe, amma wankinki ba ya barin baya. Ban yi fushi ba, kuma kada ki tsine wa kanki. Ba wanda ya gaya miki. Bari ni in gaya miki, don ki gane abin da nake nema.

Idan aka yanko nama daga jikin mutum, ba a iya ganin cikinsa haka nan. Sai an busar da shi da magani, a binne shi cikin narkakken kaki ya daskare, sannan a yanka shi da wata wuƙa, yankan da ya fi ɓawon albasa siranta. Wannan yankan ake shimfiɗawa a gilashi a rina shi, ja da shuɗi, don kowane abu ya fito da kamanninsa a madubin likita.

Jikin mutum, duk girmansa, da nama iri huɗu aka gina shi, kuma kowanne an yi shi da 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Akwai mai rufi, wanda ya lulluɓe fata da cikin baki da hanji. Ƙwayoyinsa a jere suke, kafaɗa da kafaɗa, ba tsaga a tsakani, kamar ramukan saƙar zuma. Akwai tsoka, dogayen zaruruwa kwance gefe da gefe, masu ratsi-ratsi, su ne ke janyewa Techa ya ɗaga lauje. Akwai jijiyar saƙo, ƙwayoyi masu dogayen rassa da ke kai labari daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa. Da su kika ji zafin ruwan da kika wanke gilasan da shi. Na huɗun shi ne mai ɗauri, wanda ba wanda ke yabonsa. Shi ke cike tsakanin sauran, ya riƙe su kada su watse, shi ne kuma ke ɗinke rauni. Ƙwayoyinsa a warwatse suke cikin zare mai yawa.

Aikina shi ne in leƙa in ga daga wane iri ƙarin ya fito, kuma ƙwayoyin suna da tarbiyya ko sun fita daga hayyacinsu. Wani ƙarin yana da ban tsoro a ido amma ba ya kisa, wani kuma yana da fuskar salihai. Ba na iya cewa komai sai na gani.

Na sami likitanku a wayar asibiti. Ba shi da sauran nama a wurinsa, duk abin da ya rage ya zuba a kwalin nan. Ya ce ban da gilasan akwai ɗan dunƙulen farin kaki, kamar ƙwayar sukari mai kusurwa huɗu, manne a ɗan katako. A cikinsa ragowar naman take. In yana nan, zan yanka sababbin gilasai, wankinki bai ɓata komai ba. In babu shi, likitan ba shi da abin dogaro sai abin da ya gani da farko, kuma ya gaya mini gaskiya ba zai iya ɗage ranar da nisa ba, don in daji ne jira ma hatsari ne. Ni ma da nake wurinsa haka zan ce.

Ki nemo kakin, Tetka. Kada ki wanke shi, kada ki goge shi, kada ki gyara shi ta kowace hanya. Ki naɗe a tsumma ki ba Lazo.

'Yarki,
Smilya

*

Belgrad, ƙarshen Oktoba

Tetka,

Ina fatan kuna lafiya. Sau biyu ina zuwa tasha, Lazo yana ɗaga mini hannu wayam. Ya ce yana ganin ki kina shiga gida-gida da kwando, ba kya ko amsa gaisuwa. Ko maganata ce ta yi miki zafi? Na sake karanta kwafin abin da na rubuta, na ga na ce wankinki ba ya barin baya. Wasa nake yi, amma wataƙila ba lokacin wasa ba ne. Ki yafe mini. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne, lokaci yana tafiya.

Smilya

*

Breza, farkon Nuwamba

'Yata Smilya,

Na gaishe ki. Jikinmu lafiya, zuciya ce dai sai a hankali. Takardunki biyu sun zo. Ba fushi nake yi ba, ina ni ina fushi da wadda na jawo wa wahala? Na ƙi rubutowa ne don ina so in rubuto da abin a hannuna. Ga shi zan rubuto hannu wayam.

Kakin yana cikin kwalin, na gan shi. Na ɗauka sun saka shi ne don kada gilasan su yi ta karo da juna. Na shinshina, na ce kakin kanti ne, ba na zuma ba. Kin san ni ba na zubar da kaki. Ina tara na kyandir ɗin bikin gida a lokacin, amma ba zan gauraya wa Mala'ika kakin kanti ba, ba a taɓa yi a gidan nan ba. Sai na ɓamɓare shi daga katakon na jefa a tukunyar kakin da nake rufe bakin kwalabe. Na narkar da shi tare da sauran, na zuba wa slatkon bana. Idona bai ga wani nama ba.

Da na karanta takardarki sai na gane abin da na aikata. Na gaya wa Obrad, ina jiran ya yi ihu, da ma ya yi. Sai kawai ya ce, "Wato yanzu ina bakin kwalba a gidan wani?"

Na fara da na ɗakin ajiyarmu, na ɓalle kakin kowacce na ɗaga a rana. Babu. Sai na bi waɗanda na rabar. Persa ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Dobrila, yau kuma kyautar kika zo karɓa?"

"Murfin kawai nake so."

"Murfin? To zuman da kika ba ni bara fa, in kawo miki kwalbar ita ma?"

"Persa, mijina ne a ciki."

Ta dube ni ta ɗauka na zare. Da na yi mata bayani ta fashe da kuka, ta ɗauki mayafinta ta bi ni. Mu biyu muka zagaye garin nan, ba gidan da ba mu tona wa ɗakin ajiya ba. Yanzu duk Breza ta san abin da na yi. Yara suna ganina su ce, "Tetka, an ga Techa?" Ba na ko iya korarsu.

Gidan limamin coci muka je a ƙarshe. Matarsa ta riga ta buɗe tasu don baƙi, ta jefa kakin a murhu. Ta ce ya ci wuta da kyau. Raina ya ba ni a can yake, Smilya. Obrad ya ce ko ba komai ya samu shiga gidan limami ta ƙofar girki. Yana ba ni dariya ne don kada in faɗi, na sani. Taki kwalbar ban ma sa ta a lissafi ba, wata guda ke nan, na san tuni kin sha kin zubar da murfin.

Obrad ya fara koyon hannun hagu. Da shi yake tatsar saniya, saniyar tana harbinsa. Jiya na leƙa ta taga na gan shi ya cusa hannun dama cikin aljihu yana ƙoƙarin ɗaga murfin amya da ɗaya, murfin ya suɓuce, ya tsaya yana kallon sa a ƙasa. Ranar Lahadi na ji yana tambayar limami a hankali ko Allah yana karɓar alamar gicciye da hagu. Bai san na ji ba.

Ya ce zai je ranar da aka sa, ba zai yi gardama ba. Ni kuwa abin da ke cina shi ne ba za mu taɓa sani ba. In an cire hannun nan, har in mutu zan riƙa tambayar kaina ko ni na cire shi da toka da soso.

Ba ni da sauran abin roƙo. Na gode da kika karɓe mu kamar jiya muka rabu, na gode da kika zauna kika koya wa tsohuwa abin da ke cikin jikinta. Na haddace su huɗun. Ina kwance ina lissafa su.

Tetkarki,
Dobrila

*

Talgiram, daga Belgrad zuwa Breza

NAMAN YANA WURINA. BA DAJI BA NE. KADA A TAƁA HANNUN. TAKARDA NA TAFE. SMILYA

*

Belgrad, tsakiyar Nuwamba

Tetka Dobrila, Techa Obrad,

Na gaishe ku, kuma yau gaisuwar da sauƙin rubutawa. Ina lafiya. Na san talgiram ya bar ku da tambayoyi, ga amsarsu.

Takardarki ta same ni ina shirin fita aiki. A tsaye na karanta. Da na zo inda kika ce na sha na zubar da murfin, sai na ɗaga kai na dubi saman kabad. Kwalbar tana nan yadda Lazo ya miƙo mini ita.

Ke kika koya mini cewa ba a buɗe slatko don kai, sai baƙo ya zo a miƙa masa cokali da kofin ruwan sanyi. Na taɓa satar buɗe wata a gidanku, kika ja mini kunne. To ni tun da Mama ta rasu ba mai ƙwanƙwasa ƙofar nan sai mai karanta mitar wuta. Na ajiye kwalbar ina jiran baƙo, baƙo bai zo ba. Ban taɓa jin daɗin zaman kaɗaici ba sai ranar.

Na zagaye bakin da wuƙa, na ɗago kakin na kai taga. A gefe guda, ga wani ɗan abu ruwan toka kamar ƙwayar shinkafa biyu a haɗe. Nan take na saka takalmi na fita. A cikin jakata na kai shi wurin aiki, naɗe da hankici, yana ƙamshin inabi. Matar da ke yanka mana gilasai ta shinshina ta ce, "Likita, wannan majinyacin a shagon alewa yake aiki?"

Tsorona shi ne ko zafi ya ƙone shi. Bai ƙone ba. Na tuna yadda kike narkar da kaki, ba kya ɗora shi kan wuta kai tsaye, sai ki sa tukunyar cikin ruwan zafi, kina faɗa wa duk wanda ya yi gaggawa. Wannan ne ya cece shi. Gefensa ya ɗan ƙanƙance, tsakiyar kuwa lafiya lau. Muka sake binne shi a sabon kaki, muka yanka, muka rina.

Ga abin da na gani. Ƙarin daga mai ɗauri ya fito, wancan na huɗun da na ce ba a yabonsa. Ƙwayoyin sun yi yawa, suna ta rabuwa da sauri, shi ya tsorata likitanku, kuma duk wanda ya gani karon farko sai ya tsorata. Amma da na daɗe ina kallo sai na ga duk kamanninsu ɗaya, ba mai ƙaton kai, ba mai baƙar cibiya, kowace tana rabuwa yadda ya kamata. A sake suke, ba a cushe ba, da 'yan ƙwayoyin jini a tsakaninsu. A bakin yankan ga zaruruwan tsokar Techa da ratsinsu, an ɗan ture su gefe amma ba a cinye su ba. Wannan aikin gyara ne da ya wuce kima. Wataƙila ya bugu ko ya gurɗe wajen yankan ciyawa, naman ya tashi ɗinki ya manta tsayawa. Irin wannan ba ya yaɗuwa, kuma in an cire shi da wuya ya dawo.

Ban yarda da idona ba, don idona yana son Techa. Na ba manyana biyu na wurin aiki gilashin, kowanne daban, ban ce na wane ne ba. Bakinsu ya zo ɗaya da nawa. Sai a lokacin na tafi gidan waya. Na kira likitanku ma, na aika masa gilashi ya gani da kansa. Na ji ajiyar zuciyarsa ta cikin wayar. Ku gode masa. Wani da ya yanke kawai bai tambayi kowa ba. Yana so ya riƙa duba wurin lokaci-lokaci, Techa kuma ya je, ban da ɓoyo cikin hannun riga.

Kin ce kin gode mini. Ni ce da godiya. Shekara da shekaru ina duba naman mutanen da ban san fuskarsu ba, lamba ce kawai a gefen gilashi. Wannan karon na leƙa na ga hannun da ya ɗauke ni a guje daga cikin ƙudan zuma.

Na saka muku gilashi ɗaya a saƙon nan, naku ne. Malamin makarantarku yana da madubi, ku je ya nuna muku. Tetka, tabon da ke jiki haka aka so shi.

'Yarku,
Smilya

*

Breza, ƙarshen Nuwamba

Smilya, 'yar albarka,

Gaisuwa daga gida mai cike da hayaniya. Muna lafiya, lafiya irin wadda na manta ɗanɗanonta.

Mai kawo wasiƙu da gudu ya shigo da talgiram ɗin, ya riga ya karanta a hanya, yana ihu tun daga rijiya. Obrad yana tatsa da hagu. Ya saurara, ya zaro hannun dama daga aljihu ya dube shi kamar wanda ya dawo daga tafiya, sannan ya ce wa saniyar, "Ke kuma kin huta." Daga nan ya shiga rumbu ya rufe ƙofa. Na bar shi, ni ma ina da nawa kukan.

Mun yi bikin gida. Bana ba wanda ya jira gayyata, duk wanda na tona wa ɗakin ajiya ya zo karɓar ladansa. Obrad ya kunna kyandir ɗin da hannunsa, ya juya gurasar biki tare da limami da hannu biyu. Matar limami ta rantse ba za ta ƙara jefa komai a murhu ba sai ta kai wa likita ya duba.

Mun je wurin malamin makaranta, Persa ta biyo mu ba wanda ya kira ta. Na sa ido na ga duhu, na ga gashin idona, can sai abin ya buɗe. Smilya, ashe haka cikin mutum yake da kyau? Ja da shuɗi kamar zanen kanti. Na gane tsokar da kaina, da ratsinta, kafin malamin ya buɗe baki. Na ce, "Ga mai ɗauri nan kuma, sarkin wuce gona da iri, kamar mai shi." Persa ta leƙa ta ce, "Obrad, wallahi ka fi kyau ta ciki." Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan, sai bana na ga abin da aka yi shi da shi.

Gilashin yana kan shiryayye kusa da fitilar addu'a. Ƙura ta fara hawa kansa, hannuna yana ƙaiƙayi, amma ban taɓa ba.

Abu ɗaya a takardarki ya tsaya mini a rai, zancen ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Na karanta wa Obrad wurin sau biyu. Ya ce in ba shi alƙalamin. Rabonsa da rubutu tun yana soja, sai ki yi haƙuri da abin da za ki gani.

Tetkarki,
Dobrila

Smilya,

Obrad ne. Rubutun ya karkace amma da dama na yi shi.

Na gode. Ban iya dogon zance ba, tetkarki ta ƙarar da kalmomin gidan.

An ce kin buɗe slatko ba baƙo. Wannan ba daidai ba ne, kuma saboda ni kika yi, don haka ni zan gyara. Ranar Asabar muna cikin bas ɗin Lazo, ni da ita. Persa za ta kula da saniya.

Ki sa ruwa ya yi sanyi, ki fito da cokali biyu. In kin ji an buga ƙofa da ƙarfi kada ki tsorata, da wannan hannun zan buga.